KAMA DA WANE BA TA WANE: A DAINA SAYA MANA SFP NA KILOMITA 80 A AIKIN KILOMITA 2

Yau akwai darasi kamar yadda muka saba, amma da ɗan faɗa a cikinsa, don haka duk wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe kafin ya hau mu da martani.

Akwai maganganu guda uku da suka zama ruwan dare a bakin masu sayar da kayan netwok da wasu masu haɗa shi. Ta farko: "Oga ɗauki mai kilomita 80, ya fi ƙarfi." Ta biyu: "Ai duk ɗaya ne, in dai ya shiga ramin shi ke nan." Ta uku: "Sai dai orijinal na kamfani, sauran duk jabu ne." Dukkansu ukun hanyar cin kuɗin mutane ce, wani da gangan, wani da rashin sani. Kuma mu mutanen karkara mu ne abin ya fi yi wa illa, domin in na'ura ta ƙi aiki a Bichi ko Kunchi ko Makoɗa, babu shagon da za ka tsallaka titi ka canjo. Sai ka yi kuɗin mota zuwa Kano, wani lokaci ma sai an yi maka oda daga Computer Village da ke Ikeja, ka jira kwanaki.

MENE NE SFP, KUMA INA RUWAN MAI WAYA DA SHI?

SFP wani ɗan ƙarfe ne, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ana zura shi a wani rami da ke jikin suwic ko rauta. A ɗaya bakin nasa ake soka wayar faiba, wato wayar nan da cikinta zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai. A cikin ɗan ƙarfen akwai fitilar leza da ke aika saƙo da haske, akwai kuma ido da ke karɓar hasken da ɗan'uwansa ya aiko daga can ƙarshen waya. Shi ke nan aikinsa: ya mayar da lantarki haske, ya mayar da haske lantarki.

Kai da ke karanta wannan a wayarka, kusan duk abin da kake gani ya ratsa ta irin wannan ɗan ƙarfe. Mun ga misali a watan Fabrairun 2024 lokacin da yankewar faiba ta jefa masu layin MTN cikin rashin sabis, sai kuma ranar 14 ga Maris na shekarar da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala, bankuna da masu POS suka ji a jikinsu.

Sannan abin yana ta matsowa kusa da mu. A watan Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin faiba mai tsawon kilomita 90,000, ga kuma shirin ministan sadarwa Bosun Tijani na kai intanet sakatariyar ƙananan hukumomi 774. In babbar waya ta iso gari, aikin da ya rage shi ne na raba ta: daga sakatariya zuwa asibiti, daga ofishin makaranta zuwa ɗakin kwamfuta, daga shagon mai sayar da wayfai zuwa unguwa ta gaba. Tun daga 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, cibiya guda tana ɗaukar kwamfutoci 250, duk a kan netwok ɗaya. Wannan ƙaramin aikin 'ya'yanmu da ƙannenmu ne za su yi shi, kuma kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko na ƙungiyar ci gaban gari, ko jarin wani matashi ne za a kashe. To a nan ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa.

MAGANA TA FARKO: "MAI KILOMITA 80 YA FI ƘARFI"

Ka tsaya ka dubi ƙasarmu tukuna. Daga Ungogo ka bi ta Minjibir, ko ka ɗauki hanyar Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko hanyar Ɗambatta, ina ka taɓa yin tafiya mai nisa ba ka ga gida ba? Gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Jami'ar Bayero, a kan wannan cunkoson gonaki da gidaje na kewayen Kano ya yi suna tun shekarun 1960. Ma'ana, yawancin ayyukan faiba da ɗan gari zai samu a nan mita 300 ne, kilomita 1, kilomita 3, in ya yi nisa 7 ko 8. Kano zuwa Bichi ma gaba ɗayanta kusan kilomita 40 ce, kuma irin wannan dogon layi aikin manyan kamfanonin sadarwa ne. Me mai haɗa ɗakin karatu da ofishin shugaban makaranta zai yi da kilomita 80?

Lambar kilomita da ke jikin SFP ba ta ƙara gudun intanet ko da ƙwayar zarra. SFP na 1.25G mai kilomita 10 da mai kilomita 80 gudunsu ɗaya. Bambancin shi ne ƙarfin fitila da kaifin ido. An yi mai kilomita 80 ne da tunanin haskensa zai sha doguwar tafiya ya iso a gajiye. In ka sa shi a gajeren layi, hasken zai iso da ƙarfinsa ya dallare idon ɗan'uwansa, kamar a haska maka fitilar babbar mota a fuska daga taku biyu. Ba ka ganin komai, kuma ba don haske ya yi kaɗan ba.

Bari mu yi lissafin a fili, don kada a ce surutu ne. Ana auna ƙarfin haske da dBm, asararsa a hanya kuma da dB. Abu biyu kawai za ka riƙe: duk asarar 3 dB tana nufin rabin hasken ya tafi, sannan -20 ya fi -9 rauni.

A ce layi ne na kilomita 3 daga sakandare zuwa asibitin gari. A haske mai lamba 1310nm, faiba tana cin kusan 0.35 dB a kowace kilomita, ka ga 1 dB ke nan da ɗoriya. Kawunan waya guda huɗu, kowanne a ba shi 0.5, sun ci 2 dB. Wuraren da aka yi wa gilashin walda guda huɗu, kowanne 0.1, sun ci 0.4. Jimla kusan 3.5 dB. Ka ƙara 3 dB na ko-ta-kwana, ka samu 6.5.

Yanzu ɗauki SFP na LX, wanda ake rubuta wa kilomita 10. A takardar Cisco, mafi raunin haskensa -9.5 dBm ne, idonsa kuma yana gani har -20. Tazarar 10.5 dB ke nan. Kana buƙatar 6.5, an ba ka 10.5. Ya isa har da sauran canji.

Ɗauki na ZX kuma, mai kilomita 70 zuwa 80. Yana fitar da haske tsakanin 0 da +5 dBm, idonsa kuma ba ya son abin da ya haura -3. A layin nan namu na kilomita 3, hasken zai iso tsakanin +2 da -3. Ka ga ya zarce iyaka, ko kuma yana bakin iyakar. Sakamakon: layi ya hau ya sauka, bidiyo yana tsinkewa, kwamfutar ɗalibi ta tsaya ana tsakiyar jarrabawa. A na 10G masu dogon zango, waɗanda idonsu ya fi laushi, hasken yana iya kashe idon har abada. Masu ƙera shi da kansu sun rubuta cewa in layi gajere ne sai an sa masa wani ɗan abu mai rage haske. Ka ji fa. Ka biya kuɗi ninki-ba-ninki ka sayi ƙarfin da ba ka buƙata, sannan ka sake biyan wani kuɗin don a rage ƙarfin. In wannan ba wauta ba ce, to cuta ce.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ƙasa da kilomita 10, LX in 1G ne, LR in 10G ne. Irin LX ɗin da aka fi samu a kasuwa an rubuta masa 20KM, shi ma ba laifi. Mai kilomita 40 da 80 sai in awo ya nuna ana buƙata. Awo na ce, ba ra'ayin mai shago ba.

MAGANA TA BIYU: "AI DUK ƊAYA NE"

Wannan ta fi ta farko haɗari, domin ido ma yana goyon bayanta. Ka jera SFP goma a tebur, girmansu ɗaya, ƙarfensu ɗaya, duk suna shiga rami ɗaya su yi ƙas. Amma kama da wane ba ta wane. Ga abin da ke rubuce a 'yar takardar da ke manne a jikinsa, wanda dole ka karanta:

1. Gudu. In ka ga 1.25G ko 1000BASE, na gigabit ɗaya ne. In ka ga SFP+ ko 10G, na gigabit goma ne. Na 1G yakan yi aiki a ramin 10G a yawancin suwic, wani lokaci sai ka shiga saiti ka sauke gudun ramin da hannu. Na 10G ba zai yi a ramin 1G ba. Kuma ɓangarorin biyu dole su yi gudu ɗaya. Faiba ba kamar kebul ɗin jan ƙarfe ba ce da na'urori ke sasantawa tsakaninsu. Ka sa 1G a nan, can kuma tsohuwar kwanbata mai 100M, za su kwana suna kallon juna.

2. Irin faiba. SM ko MM. SM ita ce mai siririn ciki, za ka ga 9/125 ko G.652 a rubuce a jikin kebul. MM mai faffaɗan ciki ce, 50/125 ko 62.5/125. Wayar cikin ɗaki ta SM yawanci rawaya ce, ta MM ruwan goro ko shuɗi mai haske. Kebul ɗin waje kuwa baƙi ne duka, sai ka karanta rubutun jikinsa. SFP na SX ko SR, mai 850nm, na MM ne kawai. SX iyakarsa mita 550, SR kuwa mita 300 a kan OM3. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, duk wanda zai shimfiɗa sabon layi tsakanin gini da gini a 2025 ko bayanta ya sa SM ya huta. Harabar makarantu irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta fili ne mai faɗi, mita 550 ba ta zuwa ko'ina. Mai kawo maka MM da sunan "ai kusa ne" ya ɗaure ka ne, ranar da za a ƙara gini sai an sake haƙa.

3. Lambar haske. 850nm, 1310nm, 1490nm, 1550nm. Ka ɗauke su kamar launi, duk da idon mutum ba ya ganinsu. A SFP mai baki biyu, na nan da na can su zama lamba ɗaya.

4. Baki ɗaya ko baki biyu. Mai baki biyu yana cin sili biyu na faiba, ɗaya aikawa ɗaya karɓa. Mai baki ɗaya, wanda ake kira BiDi, yana yin duka a sili guda, kuma yana da amfani sosai inda silin ya yi kaɗan. Amma shi kamar takalmi ne, akwai na dama da na hagu. In na nan an rubuta TX1310/RX1550, na can dole ya zama TX1550/RX1310. Akwai kuma masu 1310 da 1490, na 10G kuwa 1270 da 1330. Nawa aka sayar wa mutane ƙafar hagu biyu a leda ɗaya? Kuma mai 1310/1490 ba ya auren mai 1310/1550, ko da launin ɗan hannunsu ya zo ɗaya. Kar ka dogara da launin hannun nan, kowane kamfani da yadda yake yi.

5. Bakin waya. LC ƙarami ne, SC babba mai kusurwa huɗu. Sannan akwai kai shuɗi, UPC, da kai kore, APC, wanda aka goge bakinsa a karkace. SFP na yau da kullum shuɗi yake so. Ka tura kore a ciki, hasken zai zube, kuma kana iya ƙarzar gilashin. Shiga ya shiga, amma ɓarna ce.

6. Na GPON daban ne. Masu raba intanet gida-gida suna amfani da na'urar OLT, ita ma SFP take ɗauka, mai rubutun B+ ko C+ ko C++. Siffarsu ɗaya da na suwic, yarensu daban. Ba a sa wannan a gurbin wancan. A nan ma ciwon "mai ƙarfi" yana nan: B+ yana ɗaukar asarar 28 dB, C+ 32 dB, kuma yawan gidajen da za ka raba wa haske da nisansu ne za su gaya maka wanda ya dace.

Duk mai shagon da ka tambaya SFP bai tambaye ka sunan suwic ɗinka, da irin faibarka, da nisan layin ba, ya miƙo maka kawai, to ba ya sayar maka da mafita, kaya yake rabuwa da su.

MAGANA TA UKU: "SAI ORIJINAL NA KAMFANI"

A nan sai mun yi adalci, domin akwai ɗan gaskiya a ciki. Tun farkon shekarun 2000 kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya suka zauna suka amince da siffa ɗaya da tsari ɗaya, shi ya sa SFP na kowa ke shiga ramin kowa. Amma a cikin kowanne akwai 'yar ma'ajiya da aka rubuta sunan kamfani da lambarsa. Wasu suwic, irin na Cisco da na HPE Aruba, suna karanta sunan, in ba nasu ba ne su rufe ramin. MikroTik da TP-Link, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun ƙananan masu aiki a nan, galibi ba ruwansu, suna karɓar na kowa.

To ka ga matsalar ta suna ce, ba ta ingancin haske ba. Kuma tana da magani biyu. Ko dai ka sayi wanda aka rubuta masa lambar kamfanin suwic ɗinka, masu sayarwa na gaskiya suna yin haka in ka gaya musu. Ko kuma a buɗe suwic ɗin da umarni: a Cisco akwai service unsupported-transceiver, a Aruba akwai allow-unsupported-transceiver. Banki ko kamfanin sadarwa da ke da yarjejeniyar gyara da Cisco yana da hujjar sayen nasu, don kada a ce masa ya karya sharaɗi. Makarantar sakandare a Shanono ko mai wayfai a Gezawa wace yarjejeniya yake karewa?

Abin haushin ma, da yawa daga abin da ake kira orijinal a kasuwa takarda ce kawai aka manna. A rubuta sunan babban kamfani a takardar kwangila, a karɓi kuɗin babban kamfani, a kawo na gama-gari da sitika. Shugaban makaranta bai sani ba, ma'ajin ƙungiya bai sani ba, an sa hannu an biya.

Kada kuma wani ya fahimce mu a baibai ya tafi ya kwaso mafi araha a kasuwa. Araha ba ta ado. Fitilar leza tana tsufa, kuma na gwanjo da aka ciro daga wata ma'aikata a Turai bayan shekara da shekaru yana aiki zai iya haɗuwa yau ya mutu da bazara. Abin da za ka nema a rubuce shi ne DDM ko DOM. Mai wannan yana gaya wa suwic zafin jikinsa, da ƙarfin hasken da yake fitarwa, da wanda yake karɓa. A MikroTik kana buɗe Winbox ko manhajarsu ta waya ka shiga ramin SFP ɗin, za ka ga lambobin ƙuru-ƙuru. Wanda ba shi da DDM kamar mota ce ba allon mai, sai ta tsaya za ka sani.

INDA YA KAMATA KUƊIN YA TAFI

Kuɗin da ake zubarwa a kilomitar banza da sitika, ga abokan gabarmu na gaskiya da ya kamata a kashe shi a kansu.

Zafi. SFP na gama-gari an yi shi ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 70. Ka ce ai 70 da yawa. To a watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura 40 a inuwa. Sa suwic a akwatin ƙarfe, a ɗaki mai rufin kwano ba silin, ko a jikin turken da rana ke duka tun hantsi, ga batir da inbata a gefe suna huci, sannan ka ƙara zafin da na'urar ke haifarwa da kanta. Duk akwatin da ke waje, a sa masa SFP mai jure -40 zuwa 85, za ka ga an rubuta harafin I ko IND a lambarsa. Wannan shi ne ƙarin kuɗin da ke da hujja. Ka kuma guji cika suwic da SFP+ ɗin nan masu bakin kebul na jan ƙarfe na 10G, suna da zafi ƙwarai kuma yawancinsu ba sa wuce mita 30. In suwic biyu a akwati ɗaya suke, kebul ɗin DAC ya wadatar.

Ƙura. Cikin faibar SM bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya tak ta isa ta toshe shi. Sau da yawa SFP ɗin da ake cewa ya mutu datti ne a bakinsa. 'Yar robar da ke toshe da bakin ba ado ba ce, kar ka cire sai za ka soka waya. A sayi alƙalamin goge baki, a daina hurawa da baki ko gogewa da gefen riga.

Garma da fartanya. Ƙasarmu babu saura, ko'ina nomawa ake yi. Kebul ɗin da aka binne sama-sama a gefen gona, damina ɗaya shanun huɗa za su fito da shi. Masu aikin titi da masu haƙa kwalbati ma haka, har sai da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Kowane gyara yana ƙara walda biyu a layi. Wannan ne amfanin 3 dB ɗin ko-ta-kwana da muka sa a lissafi. A zurfafa rami, a sa bututu, a yi magana da mai unguwa da masu gonakin da layi ya ratsa.

Tsawa. Wannan kam faiba ce maganinta. Kebul ɗin jan ƙarfe iyakarsa mita 100, kuma in ka ja shi tsakanin gini biyu, tsawar damina tana bi ta cikinsa ta ƙone suwic na nan da na can. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Shi ya sa yake mana ciwo in aikin faiba ya lalace saboda an zaɓi SFP ba daidai ba, sai ka ji ana cewa "faiba ba ta yi a ƙauye", a koma jan kebul a kan bishiya.

Kayan awo da na ajiya. Mita mai auna haske, da 'yar fitilar ja mai nuna inda waya ta karye, da SFP na ajiya. In BiDi ne a ajiye ƙafa biyu, dama da hagu. Kuma don Allah kar wanda ya leƙa bakin SFP ko bakin faiba da ido don ya ga ko akwai wuta. Hasken ba ya ganuwa, amma yana illa ga ido.

MASU CEWA "AI GABA MUKE DUBAWA"

Mun san amsar da za a ba mu: wai an sa mai kilomita 80 ne saboda wata rana za a ja layin zuwa gari na gaba. Malam, SFP ba harsashin gini ba ne. Ana zare shi a sa wani cikin minti ɗaya, ko kashe suwic ba a yi. Ranar da layi ya yi tsawo sai a sayi wanda ya dace da ranar. In da gaske gaba kake dubawa, ka sa kebul mai sili 12 maimakon 2, ka sa SM, ka binne shi da kyau. Wannan ne abin da ba ya canzuwa cikin sauƙi.

Wasu kuma za su ce ai sun sa mai dogon zango a gajeren layi kuma yana aiki lafiya. Zai yiwu. Wataƙila dattin bakin waya da mummunar walda ne suka rage maka hasken ba ka sani ba. Buɗe DDM ka karanta abin da idon ke karɓa, ka gwada da iyakar da ke takardarsa, sannan ka dawo mu yi magana. Gani ya kori ji.

ABIN DA ZA KA YI DA WAYARKA KAFIN KA BIYA

Ko ba kai ne mai haɗawa ba, in kai ne shugaban makaranta, ko sakataren ƙungiya, ko mai jarin, wayar hannunka ta ishe ka kare kuɗinka.

Ɗauki hoton lambar suwic na ɓangarorin biyu. Ɗauki hoton rubutun jikin kebul. In akwai tsohon SFP, ɗauki hoton takardarsa yadda za a iya karantawa. Buɗe Google Maps ka auna nisan ta hanyar da kebul zai bi, ba miƙe ta sama ba, ka ƙara kaɗan saboda lanƙwasa da rarar da ake naɗewa. Tura duka ta WhatsApp ga mai sayarwa, ka ce ya turo maka hoton takardar abin da zai ba ka kafin ka tura kuɗi ko ka hau mota. Rubuta lambar a Google ka ga takardar bayaninsa. Ku yi sharaɗin canji in suwic ya ƙi karɓa.

Ranar da aka gama aiki, kar ka yarda da "ga shi nan ya kawo wuta". Ka ce a nuna maka lambar hasken da kowane ɓangare ke karɓa, a rubuta a takarda da kwanan wata, a manna a cikin akwatin. A LX, in ka ga tsakanin -5 da -15, hankalinka ya kwanta. In yana kusa da -20, akwai matsala a layin, a gyara tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Bayan wata shida in abu ya canza, wannan takardar ce za ta raba gardama.

Ga 'yan'uwanmu masu wannan sana'a kuma, musamman matasan da ke tasowa: a garuruwanmu kowa ya san gidan kowa. Aiki ɗaya da ya tsaya daram shekara biyar zai kawo maka goma, aiki ɗaya da ka cusa wa mutane abin da ba sa buƙata zai bi ka har kasuwar mako. Ka koyi lissafin dB ɗin nan, bai fi lissafin buhun taki wuya ba.

Mai ja da wannan magana ya zo da lambobinsa, muna nan. Mai shirin saye kuma ya ajiye hoton takardar SFP ɗinsa da nisan layinsa a ƙasa, za mu duba tare. Ku tura wa duk wanda kuka san ana shirin ja wa makarantarsu ko unguwarsu faiba, tun kafin a biya kuɗin.